Kafin Ka Tsaya Gaban Allo: Nasiha Ga Matasan Malaman Lesin

Duk wanda ya bi titin Kotu a Gyadi-Gyadi bayan sallar La'asar, ko ya ratsa lungunan Tarauni da Darmanawa da Daurawa, ba zai rasa ganin allunan talla a jikin katanga da turakun lantarki ba: lesin JAMB, lesin WAEC da NECO, koyon Turanci, koyon kwamfuta. Wasu cibiyoyin shago ɗaya ne aka jera wa bencina, wasu kuma azuzuwan makarantar kuɗi ne da ake aro idan ɗaliban safe sun tashi. Idan ka leƙa ciki, wanda za ka tarar riƙe da maka a gaban farin allo galibi matashi ne ko matashiya. Wani ya yi NCE a Sa'adatu Rimi ko a FCE, wani ya gama digiri a Jami'ar Bayero ya dawo daga bautar ƙasa yana jiran aiki, wani kuma har yanzu ɗalibi ne, da kuɗin lesin ɗin yake haɗa kuɗin rajista. Ku ne nake nufi da wannan nasiha, ƙannena maza da mata, kuma magana ɗaya ce nake so ta zauna muku. Koyarwa a cibiyar lesin aiki ne cikakke, mai haƙƙi da sharuɗɗa kamar kowane aiki. Saboda haka kada ɗayanku ya fara shi sai an faɗi abin da za a biya shi, da ranar da za a biya, da abin da ake so ya yi, kuma an rubuta. Wanda ya bar kunya ta hana shi wannan magana a ranar farko, da wuya ya samu bakin yin ta daga baya.

Ka fara sanin darajar abin da ke hannunka. Waɗannan cibiyoyi ba su yawaita haka kawai ba. Tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, alhali ɗalibai da yawa suna gama sakandare ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba. A shekarar 2024 kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka rubuta ta ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ga kuma sharaɗin kiredit biyar har da Turanci kafin shiga jami'a, ga jarrabawar kwalifayin da ɗaliban makarantun gwamnatin Kano ke fuskanta kafin a biya musu kuɗin jarrabawar kammala sakandare. Ita kanta gwamnatin jihar ta yarda akwai gyara, tunda a watan Yuni na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Uban da ke sayar da kayan miya a kasuwar Tarauni, ko uwar da ke aikin jinya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, idan suka ƙuntata wa kansu suka biya kuɗin lesin, suna neman wanda zai cike wa ɗansu giɓin da makaranta ta bari ne. Benci da fanka da janareta duk suna da amfani, amma yaro ba zai fahimci lissafin da ya gagare shi shekara uku ba sai da mutumin da ya iya warware masa shi. Wannan mutumin kai ne. A kanka kasuwancin ya tsayu, kuma mai cibiyar ya fi kowa sanin haka.

To amma dubi yadda ake ɗaukar wannan mutum aiki. Aboki ne zai kai shi wurin darakta, a gaisa, a tambaye shi abin da ya karanta, a ce ya shiga aji ya gwada. Idan ya fito aka yaba, sai a ce masa, "Ka fara zuwa gobe, za mu duba abin da ya sawwaƙa." Shi kuma don kada a ce yana da son kuɗi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe." Daga nan aiki ya fara. An ɗauke shi don Fizik, kafin mako biyu an ƙara masa Lissafi saboda mai koyarwa ya tafi, daga baya a ce ya riƙa zuwa ranar Asabar da safe saboda jarrabawa ta matso. Wata ya ƙare, biyar ga sabon wata ta wuce, goma ta wuce. Bayan an tashi yara za ka gan shi yana jinkiri a bakin ofis, yana goge hannunsa da tawadar maka ta ɓata, yana duba waya ko alat ya shigo, yana neman kalmar da zai fara da ita ba tare da ya zama kamar mai roƙo ba. Idan ya samu ya furta, amsar sananniya ce: "Malam, a ƙara haƙuri, wallahi iyaye ba su kawo ba." Sai a ba shi wani abu a ce ya rage hanya. Ba ya iya cewa an rage masa, domin ba a taɓa faɗin adadin ba. Ba ya iya cewa an makara, domin ba a taɓa sa rana ba. Haƙƙinsa ya koma kamar kyauta, kuma shirun ranar farko ne ya jawo.

Kafin ka amsa kowane tayi, zauna da biro da takarda, kai da kake koya wa yara lissafi. Bari mu ƙaddara an ce za a ba ka naira 30,000 a wata, kana koyarwa awa uku kullum, kwana shida a mako, wato kimanin kwana 26. Awannin aji sun kama 78. Ƙara awa ɗaya kullum ta shirya darasi da duba aikin yara, wadda babu malamin kirki da zai tsallake ta, sun zama 104. Mu ƙaddara kuma adaidaita sahu yana cin naira 600 zuwa da dawowa, wato 15,600 a wata. Abin da ya rage maka 14,400 ne, ƙasa da naira 140 ke nan a kowace awa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne, Kano kuma ta sanar da 71,000 ga ma'aikatanta a watan Oktoba na 2024. Idan aka raba 70,000 a kan awannin aiki na wata guda, bisa awa 40 a kowane mako, awa ɗaya tana kamawa kimanin naira 400. Ka sauya alƙaluman da naka na gaskiya, ka ga inda ka tsaya. Ka tuna kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Albashin da aka yanka maka da baki kafin wannan lokaci, idan har yanzu shi ake ba ka, to an rage maka shi ba tare da an faɗa maka ba.

Kada ka zaci doka za ta yi maka wannan ciniki. Dokar mafi ƙarancin albashi ta cire wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta kuma cire masu aikin 'yan awanni da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi ko da kamasho. Kusan duk cibiyar lesin da ka sani ta faɗa cikin ɗaya daga waɗannan. Nassin dokar fansho ta 2014 ya ambaci wuraren aiki masu ma'aikata 15 zuwa sama. Dokar Ƙwadago a sashe na 7 ta ce a ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku, sai dai ma'anar da ta ba wa ma'aikaci ta fitar da masu aikin ƙwarewa, don haka mai cibiya zai iya cewa ba da malami take ba. Ƙungiyar malamai ta NUT ƙarfinta yana wajen malaman gwamnati, masu makarantun kuɗi kuma suna da tasu ƙungiyar, NAPPS, amma malamin lesin shi kaɗai yake tsaye. An ga sakamakon haka a 2020, lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris saboda cutar korona. Malaman gwamnati sun ci gaba da karɓar albashi, amma malaman makarantun kuɗi da na lesin da dama sun shafe watanni babu ko sisi, domin babu takardar da ta ce ana bin su wani abu idan aji ya tsaya. Akwai reshen Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a Kano, aikinta ke nan, sauraron rigimar ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi. Amma alƙali hujja yake nema. Wanda ya je masa da "ai cewa ya yi zai duba" bai je da komai ba.

Abin da za a rubuta ba shi da yawa, rabin shafi ya isa, kuma ba ya buƙatar lauya. A faɗi darussan da za ka koyar da azuzuwan da za ka shiga. A faɗi ranaku da awanni, da abin da za a ƙara maka idan aka ƙara aiki. A faɗi adadin kuɗi, da yadda ake lissafa shi: na wata ne, ko na kowane darasi, ko kaso ne daga abin da ɗalibai suka biya. A sa ranar biya. A faɗi abin da zai faru a watannin da kasuwa ke faɗuwa, domin kowa ya san da zarar an gama JAMB da WAEC da NECO azuzuwa sukan zama fayau, haka kuma tsarin yakan sauya da azumi da hutun Sallah. A faɗi abin da za a yi idan ka kwanta rashin lafiya, da yawan kwanakin sanarwa da kowane ɓangare zai bayar kafin a rabu. Ku sa hannu ku biyu, kowa ya riƙe kwafi, in da hali a samu shaida ɗaya. Idan mai cibiyar ya ƙi takarda, ka tura masa abin da kuka yi magana a kai ta WhatsApp cikin ladabi, ka roƙe shi ya tabbatar da cewa haka ne, ka adana amsarsa. Ka fi son biya ta banki, domin ya bar sawu. Ka kuma ajiye ɗan littafi kana rubuta kowace rana da ka shiga aji da abin da ka koyar. Duk waɗannan ba su kai wahalar shirya darasi ɗaya ba.

Na san abin da wasunku za su fara cewa: koyarwa ibada ce, ladan malami yana wurin Allah, bai kamata a mayar da ilimi abin ciniki ba. Wannan niyya kyakkyawa ce, Allah ya bar mu a kanta. Sai dai malamanmu na fiƙihu ba su ga karo tsakanin neman lada da karɓar haƙƙi ba. Muhammad ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 870 miladiyya, ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban malamai, kuma ya tattauna ladan aikin malami a ciki. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Kano har yau, ta halatta malami ya ƙulla sharaɗin biya a kan koyarwa. A babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, sharaɗi ne aikin ya zama sananne, ladan ma ya zama sananne, domin duhu a cikin ciniki shi ke haifar da husuma. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya yi umarni da gaggauta biyan ma'aikaci haƙƙinsa. Ko a makarantar allo, iyayenmu sun san kuɗin Laraba, sun san abin da ake kai wa malam idan yaro ya yi sauka. Bayan wannan, cibiyar lesin ba kyauta take koyarwa ba. Tana da kuɗin fom, tana da kuɗin wata, wanda bai biya ba akan tsayar da shi a ƙofa. Idan an yanka wa iyaye farashi a fili, babu dalilin da zai sa a bar na malami a rufe. Wanda yake so ya koyar don Allah zalla, ƙofa a buɗe take: ya tara marayun unguwarsu ya koya musu kyauta, ya san sadakarsa ta isa wurin mabuƙaci. Amma sadakar da aka karɓa daga hannunka don ka kasa magana, riba ce ta shiga aljihun wani.

Wasu kuma za su ce mai cibiyar yayansu ne, ko malaminsu ne da ya koyar da su, ko dattijon unguwa ne, neman takarda a wurinsa rashin kunya ne da nuna rashin yarda. Ku tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma mutanen da aka fara yi wa umarnin sahabbai ne, waɗanda babu wanda ya kai su amana. Albashin da ake biya a ƙarshen wata bashi ne a wuyan mai cibiya tun daga ranar da ka fara aiki. Ana rubutu ne saboda ɗan Adam yana mantuwa, yana mutuwa, kuma kowa yakan tuna magana ta fuskar da ta fi masa daɗi. Zumunci da yawa ya lalace a garin nan saboda kuɗin da ba a fayyace ba: wannan yana ganin ya taimaki yaro ya raba shi da zaman banza, wancan yana ganin an ci guminsa, kowa yana kai ƙara wurin 'yan'uwa. Da an rubuta layi biyar tun farko, da har yanzu suna gaisawa. Abin da ake buƙata shi ne iya magana. Ka gaida babba yadda ya dace, ka gode masa da ya ga cancantarka, sannan ka ce, "Yaya, ina so mu rubuta abin da muka tsayar don kada in saɓa maka ba da sanina ba." Babu mutumin kirki da zai ji haushin wannan. Ko ɗan adaidaita da ya san ka tun kana yaro, sai kun tsayar da kuɗi kafin ya ja, kuma ba ka taɓa ɗaukar hakan a matsayin raini ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsoro: idan na tsaya neman sharuɗɗa, akwai mutum goma a waje masu takardu irin nawa da za su karɓa ba tambaya. Wannan gaskiya ne, kuma ba zan raina shi ba, domin wanda ke da uwa da ƙanne a wuyansa ba ya wasa da ko naira dubu biyar. Amma ka lura da abu biyu. Na farko, nasihar ba ta ce ka ƙi ƙaramin albashi ba. Idan halin da kake ciki ya sa dole ka karɓi kaɗan, karɓi, amma ya zama kaɗan ɗin sananne ne, mai rana, wanda za ka iya tsara rayuwa a kansa, kuma ka nemi a sa lokacin da za a sake dubawa, misali bayan wata uku. Ƙaramin albashin da ke zuwa a kan lokaci ya fi babban alkawarin da ba shi da rana. Na biyu, masu takarda suna da yawa, amma waɗanda suka iya koyarwa ba su da yawa. Malamin da zai sa yaro mai tsoron Kimiyya ya fara ɗaga hannu a aji, yara da kansu suke tallata shi, su ja abokansu daga Unguwa Uku da Hotoro da Babban Giji. Mai cibiyar da ya rasa irin wannan malami ana saura wata biyu jarrabawa ya san asarar da ya yi. Wanda kuwa ya kore ka don kawai ka tambayi ranar biya, ya nuna maka tun da wuri abin da ya shirya yi maka a ƙarshen wata, kuma gara ka sani kafin ka zuba masa aikin kwana talatin.

Adalci ne kuma a saurari ɓangaren masu cibiyoyi, domin mafi yawansu ba azzalumai ba ne. Da yawa tsofaffin malaman lesin ne da suka tara ɗan abin da suka tara suka kama haya. Suna biyan kuɗin shago a unguwannin da haya ke da tsada, suna sayen man janareta don kwamfutocin gwajin JAMB, suna fama da iyayen da ke kawo rabin kuɗi su ce sauran sai wata ya yi. Duk wannan gaskiya ne. Amma wanda ya buɗe kasuwanci shi ke ɗaukar riba idan ta zo, don haka shi ya kamata ya ɗauki haɗarin idan ta ƙi. Mai gidan haya ba ya karɓar uzurin cewa iyaye ba su kawo ba, gidan mai ma haka. Malami ne kaɗai ake tura wa wannan uzuri, saboda shi ne ba shi da takarda. Idan da gaske mai cibiya ba zai iya ɗaukar tsayayyen albashi ba, akwai hanyar gaskiya: a yi tsarin kaso, a faɗi kason malami daga kuɗin kowane ɗalibi, a buɗe masa rajistar biya ya gani da idonsa. A nan idan an samu an samu tare, idan an rasa an rasa tare. Abin da bai halatta ba shi ne a mayar da kai abokin tarayya ranar asara, ranar riba kuma a ce kai ɗan aiki ne. Ita ma cibiyar takardar tana kare ta, domin tana hana malami ya ɓace ranar da aka fi buƙatarsa.

Wannan ya kawo mu ga naka nauyin, domin yarjejeniya igiya ce da ta ɗaure mutum biyu. Wanda ya nemi a biya shi a kan lokaci, dole ya shiga aji a kan lokaci. Kada ka zo ba shiri ka cinye awa guda kana karanta wa yara tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu ba tare da ka nuna musu dalili ba. Kada ka zagaya ka janye ɗaliban mai cibiya zuwa lesinka na gida alhali kana cin albashinsa. Idan za ka tafi, ba da sanarwar da kuka yi alkawari, ka miƙa aiki inda ka tsaya. Babban abin da nake ja maka kunne a kai shi ne maguɗin jarrabawa. Akwai wuraren da ake tallata su da cewa ba a faɗuwa, kuma malamin da aka riƙe wa albashi wata biyu shi ya fi sauƙin faɗawa idan aka ce ya zo ya warware tambayoyi a tura wa yara a zaure. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, shi ya sa gyara albashin malami yana cikin gyaran jarrabawa. Amma yunwa ba za ta wanke ka ba. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri, kuma ranar da asiri ya tonu, wanda aka kama da rubutun hannunsa shi ke amsa tambaya. Ko ba a kama ka ba, yaron da ka tura jami'a da sakamakon da ba nasa ba, kai ka cuce shi, ka kuma cuci duk wanda zai dogara da aikinsa gobe.

Ke kuma ƙanwata malama, duk abin da aka faɗa ya shafe ki, har da ƙari. An fi sa ran mace za ta yi shiru a kan kuɗi, kuma akan ce ai ba ita ke ciyar da gida ba, alhali gidaje da yawa a yau da ɗan abin da take kawowa ake cefane. Aikin da kika yi daidai yake da na abokin aikinki namiji, don haka ki tambayi yadda ake lissafa biyan kowa. Ki sa a rubuta lokacin tashi, domin ajin da aka ce zai ƙare kafin Magariba yakan ja har Isha'i idan jarrabawa ta matso, kuma ke ce za ki nemi abin hawa da dare. Ki yi maganar hutun aure da na haihuwa tun kafin su zo, ki san ko gurbinki zai jira ki. Idan maganar kuɗi da darakta ta yi miki nauyi, ki je da yayanki ko mijinki ko wata babbar malama ta zama shaida. Ki karɓi haƙƙinki ta banki ko a gaban mutane, kada ki yarda ya zama abin da sai kin bi wani ofis ke kaɗai kina roƙo.

Saura masu cewa ai na ɗan lokaci ne, kafin aikin gwamnati ya fito, don haka bai cancanci wannan tsanani ba. Mutane nawa ne suka shiga da niyyar wata shida suka wayi gari sun yi shekaru? Ita kanta sana'ar ba mai gushewa ba ce. Tun a 1999 masanin ilimi Mark Bray ya yi wa hukumar UNESCO nazari a kanta, ya nuna yadda take bin makarantun boko a ƙasashe da yawa tana girma tare da su. Koriya ta Kudu ta haramta lesin kuɗi a 1980, iyaye suka ci gaba a ɓoye, har kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke haramcin a 2000. A ɗaya ɓangaren, a watan Yuli na 2021 ƙasar Sin ta hana cin riba da lesin manyan darussan makaranta, kamfani ɗaya kawai, New Oriental, ya sallami ma'aikata kimanin 60,000 a shekarar 2021. Darasin a fili yake: buƙatar mai koyarwa tana daɗewa, amma cibiya ɗaya tana iya rufewa dare ɗaya. Don haka ka gina abin da zai bi ka duk inda ka je. Idan kana da NCE ko digirin ilimi, yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda aka kafa tun 1993, ka rubuta jarrabawarta. Idan digirinka ba na koyarwa ba ne, nemi difilomar ilimi ta bayan digiri. Ka karɓi takardar shaidar aiki daga duk inda ka koyar. Ku malaman yanki ɗaya ku san juna, ku yi adashi, ku riƙa faɗa wa juna abin da ake biya da wuraren da ke cika alkawari, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A cikinku akwai waɗanda nan da 'yan shekaru za su buɗe nasu cibiyoyin, su zauna a kujerar darakta, wani matashi ya shigo yana sunkuyar da kai. Ranar nan ku riga shi magana: ku faɗa masa adadi da rana, ku miƙa masa takarda tun kafin ya tambaya, ku ware albashin malamai kafin ku taɓa riba. Ku kuma ɗalibai da yayyen da ke biya wa ƙanne, ku sani jinkirin kuɗin wata a kan malami yake sauka, don haka ku biya a kan lokaci, kuma idan za ku zaɓi cibiya ku tambaya ko malamanta suna daɗewa. Kai da kake koyarwa yanzu ba tare da rubutaccen sharaɗi ba, lokaci bai ƙure maka ba. Kafin wannan watan ya ƙare, yi lissafinka, rubuta sharuɗɗanka a rabin shafi, nemi ganin mai cibiya a lokacin da hankalinsa ke kwance, ka yi masa magana cikin ladabi ba tare da tsoro ba. Ka nemi haƙƙinka cikakke, ka kuma ba yaran mutane nasu cikakke. Allah ya sa albarka a cikin abin da kuke koyarwa da abin da kuke samu.